Cokalin Mama Geeske

Ranar da yayana Tjark ya kawo amaryarsa Heidrun daga Munich zuwa ƙauyenmu na bakin teku, ta yi abin da ba a yi: ta ɗauki cokali ta juya shayinta. Mu nan Ostfriesland, a arewacin Jamus, ba ma juya shayi. Dunƙulen sukari a ƙasa, shayi a kai, kakkaurar madara a sama, haka ake kurɓa. Cokali aikinsa ɗaya: in ka ƙoshi ka tsoma shi cikin kofi, uwar gida ta daina zuba maka. Kuma wanda ya tsoma kafin kofi na uku ya raina gidan.

Mahaifiyarmu Geeske ta ji ƙarar cokalin nan, ta taɓe baki. Tun daga ranar, duk zuwanta gidansu kofi ɗaya take sha ta tsoma cokali. Sunan surukarta ma ba ta kamawa, sai dai "matar Tjark".

Heidrun kuwa sana'arta kashe mutane a takarda. Ta jefa likita a rijiya, ta shaƙe wani attajiri da igiyar shanya, littattafanta suka cika shagunan tashar jirgin ƙasa, har lambar yabo aka ba ta. Amma na san da za a yi musaya, da ta ba da lambar nan a kan kofi na biyu. Abin yana cin ranta, ni ma yana ba ni haushi, don Mama akwai taurin kai.

Wata Lahadi da la'asar muka taru a gidansu. Mama ta shanye kofinta, ta tsoma cokali kamar kullum.

"Mama, na fara sabon littafi, a ƙauyen nan na ajiye shi," in ji Heidrun. "In karanta muku farkonsa?"

"Bakinki ne, matar Tjark."

Ta karanta. An tsinci gawar wani tsoho, Ubbo, haifaffen ƙauyen, a kujerar kicin ɗinsa, da guba a kofin gabansa. Shayin a gauraye yake, jiƙaƙƙen cokali a gefe. 'Yan sanda suka ce shi ya kashe kansa.

Mama ta buga tebur. "Ƙarya suke yi! Wane ɗan garin nan ne zai juya shayi? Ko mutuwa zai yi, ai da mutuncinsa zai tafi. Baƙo ne ya juya masa!"

"Abin da jami'ar binciken ta faɗa ke nan a shafi na gaba, Mama."

"Kai, yarinyar tana da hankali. 'Yar ina ce?"

"'Yar Munich. Ita ma ta taɓa juyawa sau ɗaya, ta ji a jikinta."

Tjark ya ƙware da dariya, na take masa ƙafa. Mama ta yi kamar ba ta ji ba.

"To wane baƙon ne? Faɗi mana!"

Heidrun ta kife takardun a cinyarta. "Da sauran tafiya, Mama. Ga shi kuma kin ƙoshi, kada in tsare ki."

Mama ta dubi takardun, ta dubi kofinta. Can ta zare cokalin da yatsu biyu, ta ajiye shi a kan faranti, ta tura kofin gaba.

"Zuba, Heidrun. Ki karanta a hankali, 'yata, saura biyu."