Lungun da Bolek Ya Ƙara

Ba a daɗe da binne Bolek ba matarsa Czesława, maƙwabciyata a bene na huɗu, ta ce in raka ta ofishin tallafin haya. Da fanshonsu biyu da ɗan kuɗin zlotin da hukuma ke cika musu suke biyan gidan. Yanzu fansho ya koma ɗaya, idan tallafin ya tsaya sai ta tashi.

Muka tarar da wata yarinya, Jolanta, mai fara'a kamar ba ita za ta yanka mu ba. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ba kuɗin shiga kaɗai ake dubawa ba, har da faɗin gida, kowane kai da rabonsa. Mutum biyu, gidan Czesława daidai yake. Mutum ɗaya kuwa, ya zarce iyaka da ɗan kaɗan, kuma wanda ya zarce ba a rage masa, hana shi ake yi gaba ɗaya.

Ɗan kaɗan ɗin nan na san shi. A benayenmu, mai gidan ƙarshe yakan toshe wutsiyar baranda ya haɗe da gidansa, kowa ya kawar da kai. Bolek ma ya toshe, don matarsa ta sami wurin ajiye keken ɗinki kusa da taga. Sai dai shi uban 'yan gaskiya, sai da ya je ya sa aka auna aka rubuta. Mun yi masa dariya a lokacin. Yau abin haushi yake ba ni.

Na ce to a rushe bangon mana. Jolanta ta ce sai masu benen sun yarda sun sake awo, su kuma ba sa yarda a mayar musu da wurin da suka riga suka sa wa kuɗin haya. Na ɗaga murya, na kawo dabara iri-iri, duk a banza.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji Jolanta, tana kallon Czesława. "A lissafi, gidan ya yi miki yawa."

Czesława ta ɗaura ɗankwalinta a hankali. "'Yata, ai na riga ki sani. Kullum da safe nake gani."

Da muka dawo ta shiga lungun da Bolek ya toshe, ta daɗe tana shafa bangon. Sannan ta tambaye ni ko na san mai sayen keken ɗinki.