Wuƙar Rabi da Dutsen Iya Sa'a

"Wane ne yake kashe wuƙa a gidan Rabi?"

Muryar ta tsallako katanga ne ina tsugune a ƙofar kicin, ina zuga wuƙa a tsagin mawashin da na sayo a kasuwar Maigatari shekara goma sha biyar da suka wuce. Wani ɗan abu ne na roba mai tsagi biyu, da takardar bayaninsa cikin harsuna shida. Na karanta uku daga ciki.

"Ni ne, Iya. Ina kwana? Ya jikin?"

"Jiki ya tafi, Malam, kunne ne ya rage. Abin nan da kake yi, ko jaki aka yi wa sai ya kai ƙara."

Iya Sa'a ke nan, maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara arba'in ita ke girkin biki da suna a unguwarmu a nan Gumel. A makon ne aka dawo da ita daga asibiti, likita ya ce a kai ta gida a yi ta addu'a. Idonta ya riga ya tafi. Kullum da hantsi Tayyiba, matar ɗanta, takan shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, jikin katangar.

Ni kuwa tsohon hedimasta ne. Matata Rabi ta rasu shekara biyu ke nan. Masu ta'aziyya ba su gama naɗe tabarmi ba suka fara kawo mini sunayen zawarawa, na ce su riƙe abinsu, ni zan dafa wa kaina. Da aka raba kayanta, abu ɗaya na roƙa: wuƙarta, ƙirar wani maƙeri na Ɗanzomo, wadda babban yatsanta ya yi wa ƙotar gurbi. A hannunta tumatir bai taɓa zubar da ruwa ba. A hannuna sai dai ta murƙushe shi. Na gaya wa Iya na yanke shawarar kai ta wurin mai injin washi a kasuwa da yamma.

"Inji? Ya cinye mata rabin ciki ya miƙo maka tsinke? Kawo ta in ji."

Na zagaya na yi sallama, ɗanta Abdurra'uf ya yi mini iso. Ta karɓi wuƙar, ta bi bakinta da yatsa a hankali tun daga ƙota har tsini.

"Wayyo Rabi," ta ce. "Duk Asabar take ɗoro mini ita a kan katangar nan, naɗe a tsumma. In wasa, in mayar. Shekara ashirin."

"Iya, ai muna da mawashi a gida."

"Na robar? Da shi take tokare ƙofar akurkin kaji. In ta ji ƙarar babur ɗinka sai ta ɗauraye shi ta ɗora a taga."

Tayyiba ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki, kafaɗunta na rawa. Mutum huɗu na sa suka sayi irin wannan abin a majalisarmu, har da lacca a kan yadda kimiyya ta hutar da mata.

"To ki taimaka ki wasa mini, Iya."

Ta ɗaga hannuwanta. Karkarwa suke kamar ganye.

"Da wanne? Tayyiba kuwa hannunta na sauri ne, ta fi iya tuƙa tuwo. Shi kuma wannan," ta nuna inda take jin numfashin ɗanta, "jira yake in rufe ido ya jefa dutsen washina a harsashin shagonsa."

"Haba Iya, wa ya ce haka?"

"Kunnena ya ce. Ɗauko masa."

Dutsen baƙi ne, tsawonsa kamu ɗaya, tsakiyarsa ta lotsa kamar an zauna a kai. Ƙasarmu yashi ce, dutse baƙo ne a cikinta. Wannan dutsen a wurin fatake mahaifiyarta ta same shi, da shi aka kawo Iya gidan aure daga Gagarawa.

"Ban san kwana nawa suka rage mini ba, Malam. In ka iya kafin in tafi, wuƙar Rabi ta tashi, dutse naka ne. In ka kasa, kai wa mai inji ya cinye ta, kowa ya huta."

Washegari na ajiye dutsen a gindin katanga ta ɓangarena. Kafin nan na duba abin da masana suka rubuta, don ban saba shiga aji ba shiri ba.

"Iya, masana sun ce a karkata ta kusurwa ashirin."

"Su zo su yanka albasa buhu biyu kafin azahar, sai mu yi magana. Zuba ruwa. Kwantar da ita kamar za ka fere dutsen. To, ja."

Na ja.

"Ka ɗaga da yawa! Ba ka ji tana kuka ba?"

Ban ji komai ba sai ƙarfe a kan dutse. Ita kuwa daga bayan katanga, ba ido, tana sanin lokacin da gwiwar hannuna ta tashi, da lokacin da dutse ya bushe.

"Sassauta. Ba faɗa kuke yi ba."

"Juya ɗaya gefen. Ashe haka kake, shi ya sa ɗalibanka suka ƙare a acaɓa."

Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, ba wanda ya taɓa yi mini magana haka sai Rabi. Na yanke yatsa sau biyu. Ban gaya mata ba, amma ta ce wa Tayyiba ta miƙo mini tsumma.

Rana ta huɗu muryar ta daina tsallake katanga, sai Tayyiba ke isar da saƙo. "Baba Malam, ta ce wai kana sauri kamar mai gudun ruwa." Rana ta biyar ko wannan ya gagara. Aka ba ta ludayi da kwano. In na kuskure sai in ji ƙwal. A ranar na ƙirga ƙwal goma sha tara, na shiga ɗaki ina kallon makullin babur. Kasuwa ba nisa. Na bar shi a inda yake.

Rana ta shida na zuba ruwa na fara. Sai na lura da kaina cewa ƙarar ta sauya. Kartar nan ta tafi, saura wani sauti mai laushi kamar ana sheƙa gero daga nesa. Na yi ta ja, na juya, na ja. Ba ƙwal. Shirun ya yi tsawo, na tsaya da wuƙa a hannu ina jiran kukan mata.

"Baba Malam! Ta ce ka kawo."

Na same ta an jingina ta da filo biyu. Ta sa Tayyiba ta zaɓo tumatir mafi nuna a kwando, wanda har ya fara laushi.

"Yanka," ta ce, da ƙyar ake ji. "Ɗora mini a nan."

Na aza wuƙar. Ban danna ba, ita ta wuce da kanta. Na ɗora yankan a tafin hannun Iya, siriri har ana ganin zanen tafin ta cikinsa. Ta shafa shi, ta shafa gefensa, ta ɗaga hannun sama.

"Bai jiƙe ba. Tayyiba, zo ki gani, hannuna bai jiƙe ba!" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ki shaida, ni Sa'a da ban taɓa zama a benci ba, na yaye hedimasta. Ba ki iya guɗa ba ne?"

Tayyiba ta rangaɗa guɗa tana share hawaye. Mata uku suka shigo da gudu suna tambayar wa ta haihu.

"Wuƙa ce," in ji Iya. "Ku yi wa Malam barka."

Ta rasu washegari bayan la'asar, muka kai ta kafin magariba. Abdurra'uf bai ƙara maganar dutse ba.

Ranar Asabar da hantsi na fito zan buɗe wa kaji. Na sunkuya na zare mawashin robar nan da na tokare ƙofarsu da shi, da na ɗago sai na ga ƙunshin tsumma a kan katanga. Wuƙaƙe biyar ne, ƙota daban-daban, biyu ma ban san na wane gida ba ne. A bayan katangar ana jan tabarma daga gindin darbejiya.

Na ɗebo ruwa a moɗa, na zuba a lotsawar dutsen, na jira ya sha.