Ɓeran da Ya Warke

Zulfa ta tono kwalbar insulin, maganin ciwon sugan mahaifiyarta, daga jiƙaƙƙen yashin tukunyar da suke sanyaya ta a ciki, ta ɗaga ta wajen hasken taga. A cike take, yadda ta sayo ta a kemis. 

"Hajja, yaushe rabonki da allura?"

Mahaifiyarta, Hajja Azumi, tana bakin ƙofa tana kwankwaɗar ruwa, leɓɓanta a bushe. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Tun ranar da kika ce mutuminki ya warke."

Mutumin nan kuwa farin ɓera ne. Zulfa tana digiri na uku a jami'a, can ƙetaren kogin Binuwai ta hanyar Girei. A ɗakin bincikensu sukan sa wa ɓeraye ciwon suga da gangan, sannan su dasa musu ƙwayoyin da ke samar da insulin a jikin ƙoda ɗaya, su zuba ido. Wasu sun mutu, wasu dashen bai kama ba. Guda ɗaya tak sugansa ya sauka ya zauna daram. Ran nan murna ta kwance wa Zulfa baki, ta dawo gida unguwar Damilu a Yola ta fesa wa Hajja. Baki dai shi ke yanka wuya.

"Hajja, ɓera ne fa! Kafin a zo kan mutum sai an yi shekaru."

"Allahn da ya warkar da ɓera ba zai manta da ni ba. Kuma ba a haɗa magani biyu, kowa ya sani. In jikina ya cika da na allura, naku ta ina zai shiga? Wanke masa hanya nake yi."

Zulfa ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta koma roƙo. Ta tsikari yatsan Hajja ta auna suganta, abin da na'urar ta nuna ya wuce misali. Ta san ƙarshen wannan hanya sarai. Shekarar da rikici ya sa suka gudo daga Mubi a ƙafa, mahaifinta, shi ma mai ciwon suga, ya baro allurarsa a gida, ba harsashi ne ya kashe shi ba. Ya iso Yola da ransa, bai ga wani watan ba.

"Kai ni in ga ɓeran nan da idona," in ji Hajja, tana laluben mayafi. "In ya so sai mu yi magana."

Haka suka kama hanya, Keke Napep zuwa tasha, daga nan tasi mai cin mutum huɗu a baya. A bakin gada sojoji suka tsayar da su, layi har ba a hango farkonsa. Hajja ta shanye ledar ruwa ta nemi wata. Zulfa sai duba fuskarta take, tana danna jakar da ta sako allurar a ciki, tana jin haushin direba da soja da rana, har da kanta.

A ɗakin binciken suka tarar da Othniel, ma'aikacin da ke kula da dabbobin, mutum mai fara'a da Hausar 'yan koyo, wanda magana ba ta kwana a cikinsa.

"A'a, Mama ya zo gaida mara lafiya namu! Sannu da zuwa, Mama. Ga shi nan, ya fi kowa ci."

Hajja ta sunkuya gaban kejin. Ɓeran ya miƙe da ƙafafun baya yana shinshina, gashinsa sumul, cikinsa ɓul-ɓul. Matar da duk rayuwarta ba ta taɓa ganin ɓera ba ta nemi muciya ba, yau ga ta tana murmushi har da ƙwalla.

"Tubarkalla. Ka sha wuya, bawan Allah. Sannu."

"Ya yi sa'a kin same shi ma," Othniel ya ce. "Tun wancan sati Farfesa yana cewa a cire ƙodan, Madam ne yana ta ɗagawa."

Hajja ta miƙe a hankali. "A cire me?"

Zulfa ta harari Othniel, amma aikin gama ya gama. Gaskiya ne, ta yi ta kawo dalilai, yau babu wuta, gobe maganin barci bai iso ba. Ita dai ba ta son taɓa shi ne. Shekara da shekaru tana kwasar gawa daga kejin nan, shi kaɗai ya taɓa faranta mata.

"Haka aikin yake, Hajja. Ƙodar da muka yi dashen a kanta za mu cire. In ciwon ya dawo, to dashen ne ya warkar da shi. In bai dawo ba, jikinsa ne ya gyara kansa, mu ba mu yi komai ba."

"Wato ke ma ba ki san abin da ya warkar da shi ba?"

"Ban sani ba tukuna."

"Kuma sai kin mayar masa da ciwon za ki sani?"

"E."

Hajja ta dafa bakin tebur. "Zulfa, don girman Allah ki bar shi. A ce dai akwai wanda ciwon nan ya saka. Ko da ɓera ne, in san yana nan."

Zulfa ta dubi ɓeran, ta dubi mahaifiyarta, yadda idanunta suka faɗa. Tausayi ya cika ta. Ta kuma gane cewa muddin yana nan lafiya cikin kejin, Hajja za ta ci gaba da wanke hanya.

"Othniel," ta ce, "tafasa kayan aikin tiyata."

Hajja ta juya baya. Ta ja ƙafa ta fita baranda, ta zauna a benci.

Aikin bai daɗe ba. Zulfa ta cire ƙodar, ta ɗaure zaren ƙarshe. Ta kwantar da ɓeran a kan tsumma mai ɗumi, ta jira har ya motsa gashin bakinsa, sannan ta cire safar hannu ta fito.

Hajja tana kallon bishiyoyin dalbejiya, ba ta dube ta ba.

"Ya tashi?"

"Ya tashi."

"Ciwon fa?"

"In dashen ne, zuwa gobe zai dawo."

"In ya dawo kuma sai ku yi murna."

  Can Hajja ta sa hannu ta ɗage gefen rigarta, ta kau da kai gefe.

"Zo ki yi mini allurar," ta ce. "Tunda shi ma kin hana shi lafiyar."