Inda Kowa Ke Rawar Sanyi

Ganga ta fara tashi a ƙauyenmu, ɗana Mafabi yana shirin tsayawa gaban wuƙa, ubansa kuma yana can saman dutsen Masaba wai yana kyafa tohon gora. Ku ji mini mutum! Mu Bagisu a tsaye ake yi wa saurayi kaciya, a tsakar gida, idon duniya a kansa. Ko ƙifta ido ya yi, an samu abin faɗa har kan jikokinsa. Ni uwa ɗaki za a tura ni in miƙe ƙafa in zauna, uba ne ke tsayawa kusa da ɗansa. To in mijina Woniala bai sauko ba, wa zai tsaya wa yaron?

Duk waɗanda suka hau tare da shi sun dawo da dammunan malewa a ka, wato kyafaffen tohon goran nan, wanda za a dafa da gyaɗa ranar biki. Wanda na tambaya sai ya ce mini, "Ya ce nasa bai bushe ba." Bai bushe ba! Shi wutarsa da ruwa ake hura ta?

Na kasa zaune na kasa tsaye. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na bar ayaba ta ƙone a tukunya. Da gari ya waye na buga wa yayarsa Kakai ƙofa, don ita ta san hanyar dutsen kamar yunwar cikinta.

"Nandutu, ke da ko tudun coci kike haki?" in ji ta. "To, sa takalmi."

Muna fita sai ga Mafabi ya ɓalle daga cikin 'yan rawa, ƙararrawa na kaɗawa a cinyoyinsa, fuska duk ƙullu. Ya miƙo mini tsohon kwat ɗinsa na makaranta.

"Inna, ki kai wa Baba. Aljihunsa na da zurfi."

"Me zai zuba a ciki, goran?" na ce, na fizge na ɗaure a ƙugu.

A gonakin kofi rana ta gasa mu, gumi har cikin ido. Muna shiga kurmi sai ruwa ya goce, laka ta kama mini takalmi ɗaya ta ƙi saki, sai da na sa hannu na tono shi. Da muka kai cikin gora gajimare ya sauko ya zauna a kanmu, ko bayan Kakai ba na gani sai dai in bi tarinta. Sannan ƙanƙara ta biyo baya. Numfashi ya ƙi isata, in ja in ja kamar ana yi mini rowar iska. Na kwance kwat ɗin nan na zura, ban ma saurari aljihunsa ba don hannayena suna kan sanda.

"Yaya, wai wannan ne dutsen da ya taɓa aman wuta?"

"Shi ne. Ya tsufa, ko shayi ba zai ɗumama miki ba. Taka, malalaciya."

Tafe nake ina shirya zagi. In ya mutu in yi kuka, in yana raye in ci mutuncinsa. Wallahi ban san wanne na fi tsoro ba.

Warin hayaƙi ne ya kai mu kogon. Ga Woniala zaune gaban wuta, lafiyarsa lau. Ga malewa a jingine da bango, baƙi, busasshe ƙayau, an ɗaure shi dami-dami tun ba yau ba.

"Baban Mafabi!" Haƙorana na haɗuwa, zagin ya fito a gutsure. "Wannan ne bai bushe ba? Ɗanka na can yana rawa gida-gida, ana tambayarsa ina ubansa, kai kana nan kana gadin toka? Ba ka ji kunya ba?"

"Zauna ki ji ɗumi tukuna," ya ce. Ko ɗago kai bai yi ba.

Na zauna a bakin wutar. Mu uku kowa jiki na ɓari. Kakai ta ɗora ruwan shayi, ta ƙara gora a wuta. Sannu a hankali haƙorana suka lafa, kafaɗun Kakai suka kwanta. Na buɗe baki zan ɗora daga inda na tsaya, sai idona ya faɗa kan hannunsa na dama. Yana kan gwiwarsa yana ta kaɗawa. Mutumin da ya fi mu daɗewa a bakin wuta. Kakai ta miƙa masa kofi, rabin shayin ya zube a ƙasa kafin ya kai baki.

Sai abubuwa suka dawo mini. Yadda ya daina cin abinci da baƙi. Yadda ya koma tafiya hannu a baya kamar limamin coci. Ni kuwa ina ta yi masa tsiya wai girman kai ya shige shi.

"Ba sanyi ba ne," ya ce a hankali. "Tun daminar bara ya fara, kullum ƙaruwa yake. A nan sama kowa rawar jiki yake yi, ba mai kallona. A ƙasa fa, Nandutu? Yaron zai tsaya kamar icce, ni ina gefensa ina karkarwa. Sai a ce ku dubi uban, tsoro a jininsu yake. Gara a ce ban zo ba."

Kakai da ba ta rasa magana ta juya tana gyara wutar da ba ta bukatar gyara. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina. Na rasa inda zan sa hannayena, sai na cusa su a aljihun kwat ɗin. Suka yi ta tafiya har kusan gwiwar hannu. Na juyo aljihun waje. An farke gindinsa an ƙara masa ƙyallen buhu, da wani irin ɗinki na maza, babba-babba, a karkace.

Na cire kwat ɗin na ɗora masa a cinya.

"Ɗanka ya ce in kawo maka. Ya ce aljihunsa na da zurfi."

Woniala ya daɗe yana shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Tun yaushe ya sani?"

"Ya riga uwarsa dai," na ce. "Tashi ka sa."

Ya sa, ya zura hannun. Daga waje ba ka ganin komai.

Washegari muka sauko da malewa a ka. Ranar kaciya rana ta ƙwalle, maza duk sun tuɓe riguna, na ji wani yana ce masa, "Woniala, sanyin dutsen ka taho mana da shi?" Bai cire kwat ɗin ba. Aka tura ni ɗaki, na miƙe ƙafa na zauna. Ganga ta tsaya cak. Ta tsagar ƙofa ina hango bayan kwat ɗin, ya jiƙe sharkaf da gumi, daf da kafaɗar Mafabi. A nan yake har guɗa ta tashi.