Bakin Ƙwaryar Gogo Sabuwa

Duk unguwar Wuro Hausa an san hannun Gogo Sabuwa. Mace ta sauke ƙwaryar nono a kasuwar Yola, kafin ta ɗaga faifai masu ido sun ce wannan zanen Sabuwa ne. 'Yan wuƙaƙenta take jerawa cikin garwashi, ta ɗauki wadda ta yi ja ta bi bayan ƙwarya da ita, hayaƙi na tashi, tana ta faɗa da duk wanda ya tare mata haske. Ƙa'idarta ɗaya ce, wurin uwarta ta gada: zanen da ya kewaye bakin ƙwarya tilas ya koma inda ya faro ya haɗe. In aka bar shi a buɗe, ta nan albarkar gida ke zurarewa, in ji ta.

Fadimatu, 'yar wanta da ta raina tun tana goye, ba ta koyi ko layi ɗaya ba. Boko ya ɗauke ta, ta zama malamar firamare a Jimeta, hannunta ya saba da alli. Kullum sai ta ce in an yi hutu za ta zauna ta koya. Hutu ya yi ta zuwa yana wucewa, har yanar ido ta rufe wa Gogo gani. A zamanin an mai da Adamawa cikin Jihar Arewa maso Gabas, komai ka nema sai a ce maka Maiduguri. Suka sha wuyar hanya suka je, likita ya duba ya ce an makara.

Abin da ya rage wa Gogo ƙwarya ɗaya ce, ta uwarta, wadda duk zanen gidansu ke jikinta. Kowace safiya takan ɗora ta a cinya tana bin layukan da yatsa, ko da yake tsufa ya shafe rabinsu. Ran nan da damina, Gogo ta miƙe za ta yi alwala, ta taka ta da ƙafarta, ƙwarya ta fashe. Kafin Fadimatu ta dawo daga makaranta, maƙwabciyar da ta shigo taimako ta share wurin, har ta watsa wani ɓangare a murhu. Tun daga ranar Gogo ta juya fuska bango. Ba faɗa, ba tsegumi, fura ma sai an yi da gaske take kurɓa. Fadimatu ta tsorata ƙwarai, don ta ga tsohuwar na shirin tafiya da baƙin cikinta, ta kuma tafi da zanen gidansu gaba ɗaya.

Ta ƙulle gutsattsarin a gefen gyale ta kai wa masu ɗinkin ƙwarya, suka ce wannan ya wuce ɗinki. Abokiyar aikinta Malama Hilda ce ta ce ta gwada Apollos maƙeri.

Shi kuwa Apollos, matan Jimeta sun daɗe da yanke masa hukuncin taɓin hankali. Mutumin Numan ne, ya yi aikin inji a jiragen ruwan da ke hawo Binuwai da damina, daga nan ya ɓace shekaru, ya dawo da sana'ar zinariya da ya koyo a Kumasi. Ka kai masa zinariya ka ce ga irin na matar wane, ba zai yi ba. An ce ya taɓa ɗora tsakuwar kogi a kan zoben wata hajiya, ya yi wa wata 'yan kunne da ƙayar kifi. Suka yi ta zaginsa, amma ba wadda ta cire nata.

Fadimatu ta same shi a wata rumfa a Rumde, yana hura wuta da ɗan bututu. Ta kwance ƙullin ta ce ko zai ɗaure mata da wayar azurfa, tsohuwa dai ta samu abin shafawa. Ya baza gutsattsarin a kan fata, ya yi ta juya su kamar mai tsintar shinkafa, yana sunsunar wurin ƙunar.

"Malama, ka zauna," ya ce da irin Hausarsa ta bakin kogi. "Wannan ba zai riƙe nono kuma ba, ka manta da shi. Amma bakinsa yana nan. Wa ya zana?"

"Kakata. Mai ita kuma ba ta gani."

"To da hannu zai gani. Kana da zinari?"

Fadimatu ta taɓa kunnenta. 'Yan kunnen da Gogo ta saya mata ne ranar da ta fara koyarwa, ba ta da wasu. Ta kuma san labarin tsakuwa da ƙayar kifi. Duk da haka ta cire ta miƙa. Ya tambaye ta kaurin wuyan tsohuwar, ta gwada masa da hannu, ya ce ta tafi, shi ba ya aiki ana tsaye a kansa.

Sai da ruwan kogi ya fara ja da baya ya aiko ta zo. Ya ɗauko wani abu naɗe a farin ƙyalle ya buɗe a bakin rumfa, inda rana ke faɗowa.

Fadimatu ta manta da gaisuwa. Abin wuya ne, amma ba ta taɓa ganin irinsa a wuyan kowa ba, har matan manya da ke zuwa Makka. Bakin ƙwaryar nan ne ya tayar, ya mai da shi zobe guda da za a zura wa wuya. Zinariyar da kowa ke sa wa a gaba don a gani, shi ya buge ta ta yi laushi ya shimfiɗa a baya, tana tallafe da gutsattsarin, ƙwarya ce a fili. Sannan ya ja sauran ta zama zare siriri kamar gashi, ya bi kowane layin ƙuna da shi, har waɗanda tsufa ya shafe suka taso. Ga sawun zabo, ga haƙorin kifi, ga igiyar ruwa, duk suna walƙiya a kan baƙin ƙuna. Ta girma tana shan fura kusa da ƙwaryar nan, amma sai yau ta ga abin da kakarta ta yi. Hawaye ya zubo mata, ba ta ko share ba.

Can ta lura da wani wuri ta gefen hagu, faɗin yatsa uku, inda babu komai sai zinariya sumul.

"Nan fa?"

"Shi ne wanda wuta ya ci."

"Ai sai ka cike da irin na kusa da shi. Wa zai sani?"

Apollos ya girgiza kai. "Abin da ban gani ba, ba na sa wa. Mai shi yana da rai, ka tambaye shi."

Murnar Fadimatu ta koma ciki. Ta san ƙa'idar Gogo sarai. Duk hanyar Jimeta zuwa Yola tana cikin mota tana saƙe-saƙe: za ta kai wa mai ciwon zuciya zanen da aka bari a buɗe, abin da ta fi ƙi a duniya. Har ta yi tunanin ɓoye shi a akwati.

Ta tarar da Gogo kwance yadda ta bar ta. Ta durƙusa ta kamo hannunta ta ɗora a kan abin. Yatsun suka tsaya cik. Sai suka fara tafiya a hankali. Gogo ta juyo daga bango, ta tashi zaune, leɓunanta na motsi, tana kiran sunan kowane zane da Fulatanci kamar mai gaida 'yan uwan da suka dawo daga tafiya.

"Dada am," ta ce can ƙasa-ƙasa, tana kiran uwarta. "Har wannan ma da ya ɓace mini ya dawo."

Yatsan ya ci gaba da zagaye, ya iso wurin da yake sumul. Ya wuce, ya dawo, ya sake dawowa.

"Wane sakaran ne ya yi wannan aiki?"

"Wani maƙeri ne a Jimeta, Gogo. Ya ce bai san abin da ke wurin ba."

"Bai sani ba! Hannu kamar na aljani, kai kamar na tunkiya. Ai ƙahon saniya ne biyu suka haɗu a nan, ko yaro ya san haka. Ke ma ba ki gaya masa ba?"

"Ni ma ban sani ba, Gogo."

Tsohuwar ta zura abin a wuyanta, ta dafe wurin da tafin hannu, kamar mai toshe tulun da ke yoyo.

"Ba za a kwana da shi a buɗe a gidan nan ba," ta ce. "Tashi ki hura gawayi. Wuƙaƙena na ƙarƙashin gado, ki ɗauko da sabuwar ƙwarya. Ki zana ki kai wa sakaran ya gani."

Fadimatu ta hura wutar. Da wuƙar farko ta yi ja, ta ɗauka ta zauna a gaban Gogo da ƙwarya a cinya. Tsohuwar ta laluba ta kama wuyan hannunta, ta riƙe gam.

"Ba alli ba ne, ɓingel am, 'yata, kar ki danna. Bi ni."

Hayaƙi ya tashi, ƙanshin ƙwarya mai ƙuna ya cika ɗakin. Gogo ta ja shi har cikin ƙirjinta, sannan ta ce Fadimatu ta matsa, ta tare mata haske.