Goyon Yasu

Sai ranar da ake wa gawar mahaifiyarta wanka Kinuyo ta fara ganin bayanta. Shekara sittin suna tare, amma tsohuwa Yasu ba ta taɓa tuɓe riga a gabanta ba. Ko gidan wankan unguwa ba ta zuwa, a kicin take ɗora ruwa ta kulle ƙofa. Kinuyo ta san akwai ƙuna, don tabon yakan leƙo ta wuyan riga, kuma kowa a unguwarsu ta Honjo ya san daren yaƙin da tsofaffi suka samo irinsa. Siffarsa ce ba ta sani ba. Wuta ta ci kafaɗu da ƙeya da kwankwaso, fatar ta tattare, amma a tsakiyar baya ta bar wuri guda sumul, ba ko ƙwarzane. Wurin bai kai kamu ɗaya ba, sama a zagaye, ƙasa ya rabu biyu.

Matar da ke taya ta wankan ta ja mayafi ta rufe.

A iya sanin Kinuyo, ita ce 'yar fari ita ce auta. Bayan yaƙi aka haife ta, mahaifinta kuwa ya rasu tun tana firamare. Da aka tashi daga zaman makoki ta je ofishin gunduma ta nemi rajistar gidansu. Aka ce tsohuwar rajistar ta ƙone a daren da jiragen yaƙi suka yi wa garin ruwan bama-bamai, sabuwar kuma daga bakin Yasu aka rubuta ta. Babu wani ɗa kafin Kinuyo.

Daga nan ta koma wani ɗaki a saman shagon gyaran keke, inda iyalan waɗanda suka mutu a harin suke tattara sunaye. Wani dattijo mai sanda ya tura mata takardun gawarwakin da aka binne a ramukan wuraren shaƙatawa. Masu suna kaɗan ne. Sauran sai namiji ba suna, mace da yaro, jariri, jariri, jariri. Ta yi ta zarya har damina ta wuce. Mijinta Shozo ya ce da ya san za ta kama aiki wajen matattu da ya koyi girki tun da ƙuruciya. Wata rana suna cin abinci ya daina wasan, ya tambaye ta yaushe ta fara zama a bakin kujera, ba ta jingina. Ita ba ta lura ba. Ya ce haka surukarsa take zama.

Dattijon ya gaya mata gaskiya, takarda ta kai ta iyakarta, ta nemi mai rai. Akwai wata Tome da ta taɓa kawo sunayen 'yan'uwanta daga lungu ɗaya da gidan su Yasu, in tana nan.

Tana nan, a unguwar Koiwa, gidan 'yarta. Kinuyo ta same ta a baranda tana ɓare waken suya. Ta gabatar da kanta da sunan gidan mijinta, sannan ta ce ita 'yar Yasu ce. Tsohuwar ta ƙare mata kallo.

“Hancin dai kin kwaso shi duka. Yasu ta mutu ke nan? Da tana da rai ba za ki zo ba. Zauna, 'yar nan, ki kama mini ɓara, hannu ba ya hana kunne ji.”

Tome tana da shekara goma sha huɗu a lokacin harin, katangar katako ce tsakanin gidansu da na Yasu. Ta ce a makon ne Yasu ta haihu, mace, mijin yana soja. Washegarin daren harin ne za a yi suna, har uwar Tome ta jiƙa ɗan jan waken da take ɓoyo don a dafa shinkafar biki. Da wuta ta taso suka fita tare, Yasu ta goya jinjirar ta rufa mata bargo. Iska tana kwasar garwashi tana watsa wa mutane, kowa gabansa yake kallo. A wajen gada cunkoso ya raba su.

Da gari ya waye suka gan ta a gindin katangar wata makaranta, tana zaune tana jijjiga, hannunta ɗaya a baya tana ɗan bubbugawa. Duk wanda ya biyo ta bayanta sai ya kau da kai. Ba wanda ya iya gaya mata jinjirar ta mutu. Ta roƙi ruwa, ta ce kada a yi hayaniya, yarinyar ta samu barci da ƙyar. Haka ta wuni. Sai da yamma, da motar kwasar gawa ta iso layin, uwar Tome ta durƙusa a gabanta ta riƙe mata fuska da hannu biyu, wata mata ta kwance majanyin ta baya. Yasu ba ta waiwaya ba. Inda motar ta nufa, Tome ba ta sani ba.

Kinuyo ta ajiye waken da ke hannunta. Ta ce masu tattara sunaye ba sa karɓar mamaci sai da suna, tunda kuwa ba a kai ga raɗawa ba, shi ke nan.

“Wa ya ce babu? Uban ya zaɓa tun kafin ya tafi, duk lungun mun sani. Ke me ma kika ce sunanki?”

“Kinuyo, Iya.”

Tsohuwar ta ajiye kwanon a hankali. 

“To ai shi ne,” ta ce.

A jirgin ƙasa na komawa, Kinuyo ta yi ta tuna yadda mahaifiyarta take kiranta. Wani kiran na aike ne, da ƙarfi. Akwai wani kuma, can ƙasa-ƙasa, lokacin da take wanke-wanke ta ba ɗaki baya. In Kinuyo ta amsa, sai tsohuwar ta yi ɗan jim, ta ce ba komai, je ki yi wasanki.

Ta koma ɗakin saman shagon ta cike takarda. Dattijon ya duba sunan mai kawowa, ya duba na mamaciya, ya ce ta yi kuskure, ta maimaita nata. Ta ce ba kuskure. Ya cire tabarau ya goge, ya karɓa.

A watan Maris aka yi taron karanta sunaye a wani zaure kusa da kogi. Ana sanyi, masu karatun suna karɓa-karɓa, kowa da muryarsa. Wata budurwa ce ta kai kan layin, ta karanta sunan gidan su Yasu, ta ce Kinuyo, ba ta cika shekara ba. Bakin Kinuyo ya buɗe zai amsa. Shozo ya riƙe mata hannun riga, budurwar ta wuce suna na gaba.

Da suka fito ta tsaya a bakin ruwa, shi ya yi gaba yana neman shagon taliya. Ya juyo zai kira ta, ta ga leɓensa ya haɗa harafin farko na sunanta ya tsaya. Ya dawo da ƙafa har inda take.

“Zo mu je, sanyi zai kama ki,” ya ce.