Yatsu Uku na Malama Hamida

Injin niƙan Alhaji Gide yana ruri kamar zai tsage kasuwar Ketare, garin masara yana tashi yana sauka a gashin idon Hamida. Shekarunta tara. Duk yaron da aka ɗauka aikin nan ba ya daɗewa yake gudu da ciwon kai. Ita kuwa kurma ce tun haihuwa, don haka kowa ya ce aikin kamar dominta aka yi shi.

Mahaifiyarta Barakatu ce kaɗai zuciyarta ba ta kwanta ba.

"Malam," ta ce wa mijinta Mani, "Labaran, kurman nan da ya yi karatu a birni, ya kafa rumfa a Ƙanƙara. Da hannu yake koyarwa. Har yau bai samu ɗalibi ko ɗaya ba."

Mani ya kwashe da dariya. "Bebe shi koyar da bebiya? Su karanta mi? Yayana Alhaji Gide ya rufa mana asiri ya ba ta sana'a, ke kina zancen rumfa."

* * *

Ranar kasuwa bel ɗin injin ya cafki bakin mayafinta. Matan da ke jiran niƙa duk sun gani.

"Ke! Ke yarinya! Ja da baya!"

Ihu suka yi ta yi, kowacce daga inda take zaune. Babu wadda ta tuna dalilin da ya sa aka ajiye yarinyar a wurin tun farko. Hamida ta ji ana jan ta, sai ta kai hannun dama don ta fizge mayafin.

A asibiti aka cire ƙaramin yatsanta da na kusa da shi.

"Ƙaddara ce," in ji Alhaji Gide da ya zo dubiya. "In ta warke, wurinta na nan."

Barakatu ta durƙusa. "Allah Ya saka da alheri, Alhaji. Ba za ta koma ba."

"Gaban yayana kike wannan magana?" Mani ya daka mata tsawa.

"Malam, kunne Allah Ya karɓa, na yi haƙuri. Yatsun nan kuwa mu muka bayar. Sauran da suka rage su ne bakin ɗiyata, kuma ba na bayarwa."

* * *

Ciwon na warkewa Barakatu ta ɗora Hamida a babur har Ƙanƙara. Rumfar karan dawa ce, da tabarma ɗaya da guntun allo. Malam Labaran ya daɗe yana duban hannun, idanunsa suka kaɗa. Sannan ya nuna Barakatu, ya yi wata alama a hankali. Hamida ta kwaikwaya da yatsunta uku, ta sake, ta juyo ta yi wa Barakatu alamar, fuskarta cike da haske.

Ya rubuta a allo: Uwa.

Barakatu ba ta iya karatu ba, amma ta san an kira ta. Kuka ya ƙwace mata a tsakiyar rumfar. A ranar nan makarantar ta soma.

* * *

Yau rumfar ta zama azuzuwan bulo. Daga Pauwa, daga Faskari, har daga Sabuwa ake kawo yara, waɗansu daga bakin inji, waɗansu daga ƙuryar ɗakin da aka ɓoye su. Duk sabon zuwa, a hannun Malama Hamida yake fara magana.

Sai bana Mani ya yarda ya taka makarantar, gemunsa ya yi fari. 'Yan aji ɗaya suka miƙe suka gaishe shi da hannu. Ya ƙura musu ido.

"Barakatu, mi ya samu yatsunsu? Na ga kowa ya lanƙwashe biyu."

"Lafiyarsu ƙalau, Malam. Yadda suka ga malamarsu na yi suke yi. Sun ɗauka haka magana take."

Yaran suna tsaye suna murmushi, suna jiran ya amsa. Mani ya tura hannuwansa biyu cikin aljihun riga.